Sharhi kan takalmin jinya da na yi amfani da shi bayan aikin idon sawu

Bayan an yi mini aiki a idon sawun dama aka ɗaure ƙashin da ƙarfe, na shafe makonnin farko cikin filasta ba tare da na taka ƙafar ba. Da aka cire filastar, likita ya rubuta mini dogon takalmin nan na roba mai tauri wanda yake kaiwa ƙasan gwiwa, mai maɗaurai masu mannewa da ɗan famfon hura iska a gefe, na kuma saye shi a wani kantin kayan asibiti a Kano.

Ta fuskar kare ƙafa ban ga laifinsa ba. Yana riƙe idon sawu gam, iskar da ake hurawa tana cike gurbin da kumburi ya bari idan ya sauka da safe, kuma ana iya kwance shi a wanke ƙafa, wanda ni'ima ce da duk wanda ya zauna cikin filasta a watan Afrilu zai gane darajarta. Sai dai shimfiɗar cikinsa tana shan gumi, dole a riƙa wanke ta akai-akai.

Matsalarsa tana wajen tsayuwa, kuma mai kantin bai ce mini komai a kai ba. Ƙasan takalmin yana da kauri, an kuma lanƙwasa shi domin ƙafa ta mirgina gaba, saboda haka ƙafar da aka yi wa aiki ta fi ɗayar tsawo, ƙugu ya karkace, na riƙa tangaɗi, har ciwon baya ya biyo. Ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ce ta warware mini zancen. Ta bayyana cewa jiki yana daidaita tsayuwarsa ne da ido, da kunnen ciki, da kuma saƙon da tafin ƙafa da jijiyoyin idon sawu suke aikawa ƙwaƙwalwa, kuma wannan na ukun shi ne tiyata da dogon zama suka raunana, takalmin kuma ya ƙara toshe shi. Shi ya sa tangaɗin ya fi tsanani da asuba, lokacin da babu haske sosai.

Shawararta ita ce in sa takalmi mai kauri a ƙafar hagu domin tsawon ya zo ɗaya, in riƙe sanda a hannun da ke ɓangaren lafiyayyar ƙafa, in kuma hau matakala da lafiyayyar, in sauko da mai ciwon. Da likita ya ba da izini, ta fara sa ni tsayawa kan ƙafa ɗaya kusa da bango, da ɗaga dunduniya ina riƙe da kujera domin sharaɓar da ta rame ta dawo. Tafiya masallacin unguwa ita ce motsa jikina na kullum, ina salla a kan kujera, alwala kuwa a gida nake yi, domin ƙasan takalmin yana santsi a kan jiƙaƙƙen tayil.

Wanda zai saya ya je da kansa a gwada masa, domin girmansa kala-kala ne, ya kuma lissafa kuɗin gashi tare da kuɗin takalmin tun farko. Na aro kuwa ba na ba da shawararsa sai an canza shimfiɗar ciki.