Rainon marayu ko kare daji: wanne ya fi amfanar birin orangutan?

Birin orangutan a tsibiran Borneo da Sumatra kaɗai yake rayuwa, kuma gonakin kwakwar manja da saran katako suna ta cinye dajinsa.

Masu neman ceto shi, wasu sun karkata ga cibiyoyin raino, irin ta Sepilok a jihar Sabah ta Malesiya, wadda aka buɗe a 1964. Ana kawo jariran da aka kashe uwayensu, a shayar da su, a koya musu hawan bishiya da neman abinci, sannan a mayar da su daji. Aikin tausayi ne, amma ɗa guda sai ya ci shekaru da kuɗi masu yawa.

Ni kam na fi karkata ga kare dajin kansa. Macen takan yi shekara bakwai ko takwas kafin ta sake haihuwa, don haka duk uwar da ta mutu wajen share gona, ta bar giɓi mai wuyar cikewa. Marayan da aka raina ma, ina za a sake shi in daji ya ƙare? Wani nau'in orangutan mai suna Tapanuli, da aka tabbatar a 2017, bai kai 800 ba, kuma duk a dajin Batang Toru na Sumatra suke.