Wata uku da ZX Spectrum da tsohuwar rakodar kaset

A akwatin marigayi kawuna na same ta, naɗe cikin tsohon zane. Ya yi karatu a Ingila a shekarun 1980, da ita kuma ya dawo gida: ZX Spectrum mai kilobait 48, 'yar baƙar kwamfuta mai madannan roba da kamfanin Sinclair ya fitar a 1982. Akwai wayoyinta a ciki, da kaset goma sha biyu. Ba ta da faifai, ba ta da wurin zura filash. Da zarar an kashe ta, duk abin da ke kanta ya tafi, sai wanda aka riga aka ɗauka a kaset, irin kaset ɗin nan da muka taso muna jin wa'azi da waƙa a cikinsa. Wata uku ke nan ina amfani da ita, kuma kan wannan harka ta kaset nake son yin magana.

Haɗa ta bai ba ni wuya ba. Filoginta mai ƙafa uku ne irin namu, talabijin kuwa tsohuwa mai ƙeya na aro wurin maƙwabci. Rakoda ce ta cinye mini mako biyu. Wadda na saya a hannun masu kayan gwanjo tana juyawa, amma muryar tana rawa. Na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo. Ya saurara na ɗan lokaci, ya ce, “Malam, bel ɗin ne ya saki.” Na ce, “Baba, kwamfuta zan haɗa da ita.” Ya ɗago ya dube ni, ya canja bel, ya goge hed da auduga da sifirit, ya ce in dawo in ba shi labari.

Ga yadda ake yi. Waya ɗaya daga ramin iyafis na rakoda zuwa ramin EAR na kwamfutar. Ka rubuta LOAD "" ka danna ENTER, sannan ka kunna kaset. Da farko wani dogon sauti ne siriri na kusan daƙiƙa biyar, gefen allo yana ratsi-ratsi ja da shuɗi mai haske. Wannan sallama ce, kwamfutar tana daidaita kunnenta. Sai wata 'yar ƙara ta biyo baya, sunan manhajar ya fito a allo. Daga nan ainihin bayanan su fara kwarara, ratsin ya koma shuɗi da rawaya, ƙarar kuma ta zama kamar gyare dubu suna kuka lokaci guda.

Wannan ƙarar ita ce ta kama ni. Kwamfuta ba ta san komai ba sai 0 da 1, kuma a Spectrum bambancin su a tsawon sauti yake: 0 gajeren kaɗawa ne, 1 kuma ninki biyunsa. Shi ke nan. Saboda haka manhajar da 1 ya yi yawa a cikinta ta fi daɗewa kafin ta shiga. Da ka saba, kunnenka zai fara rarrabewa: inda babu komai sai 0 a jere sautin yakan yi siriri ya miƙe, inda bayanai suka cakuɗe ya yi kaushi. Hoton farko na wasa ma a gaban idonka yake sauka, layi bayan layi, baƙi da fari tukuna, launi ya zo a ƙarshe. Shekara da shekaru ina jin ana cewa komai na kwamfuta lambobi ne, ban taɓa jin lambobin da kunnena ba sai a nan. Ɗiyata mai shekara goma sha ɗaya ta zauna kusa da ni ta ce, “Abba, magana take yi da rakodar?” Na ce mata i, kuma gaskiya na faɗa mata.

Saurin kuwa kusan bit 1,500 ne a daƙiƙa (kowane 0 ko 1 bit ɗaya ne). Babban wasa yakan ci kamar minti biyar. Na yi lissafi: kaset C60 mai minti sittin, gaba da baya, bai kai kilobait 700 ba, wato hoto ɗaya na wayar hannu ya fi ƙarfinsa. Duk da haka a zamaninta ba a baya take ba. Tsarin ajiye bayanan kwamfuta a kaset da aka amince da shi a taron Kansas City na Amurka a 1975 bit 300 ne kacal a daƙiƙa. Dalilin komawa ga kaset kuma a fili yake: na'urar faifai tana da tsada ƙwarai a lokacin, rakoda kuwa ta riga ta yaɗu a gidaje bayan da Philips ta fito da kaset a 1963. Har gidajen rediyo a Holan da Ingila sun riƙa watsa manhaja ta iska, mai sauraro ya ɗauka a kaset.

To, wahalarsa fa? Akwai ta, ba zan ɓoye ba. A ƙarshen kowane rukuni na bayanai akwai lambar tantancewa, in ba ta dace ba sai ka ga “R Tape loading error”, ka mayar da kaset baya ka sake daga farko. Cikin kaset goma sha biyun, bakwai ne suka shiga. Sauran zarensu ya miƙe ko ya lanƙwashe, shekara arba'in ba kwana arba'in ba ce. Ƙurar hunturu ma ta takura mini, sai na goge hed kusan kullum. Rana ɗaya aka ɗauke wuta saura kaɗan a gama, raina ya ɓaci sosai.

Abin da ya taimake ni: rakoda mai lasifika ɗaya ta fi mai biyu, a ƙara murya zuwa kamar kashi uku cikin huɗu, a ƙara kaifin sauti. In har yanzu ya ƙi, akwai 'yar kusa a gefen hed, ka juya ta a hankali da ƙaramin sukudireba kana saurare har sautin ya washe. Kaset biyu da na fid da rai a kansu ta haka suka dawo. Zaren da ya saki kuwa, biro na nan kamar yadda muka saba.

Ajiye naka aikin ya fi daɗi. Mun rubuta 'yar manhajar jadawalin sau da BASIC, yaren rubuta manhaja na kwamfutar, ni da ɗiyata, muka haɗa waya a ramin MIC, muka zare ta EAR don kada sauti ya dawo ya dagula, muka rubuta SAVE. Bayan nan muka mayar da kaset baya, muka sake haɗa wayar EAR, muka yi VERIFY, kwamfutar ta saurari abin da ta faɗa ta tabbatar daidai ne. Kada ka tsallake wannan matakin. Rubuta lambar kantar rakoda a jikin kwalin kaset kuma, in ba haka ba za ka yi ta laluben inda aikinka ya fara.

Wanda wasa kawai yake so, ya kunna sautin daga wayarsa zuwa ramin EAR, yana aiki kuma ya fi sauƙi. Malamin da ke koyar da kwamfuta kuwa, ko uban da yake son yaransa su gane mene ne bayanai, ina ba shi shawara ya nemi rakoda ta gaske. Na koma wurin dattijon da kaset ɗin jadawalin sau, na kunna masa. Ya kasa kunne har ƙarshe, sannan ya ce hed ɗin yana bukatar a ɗan ƙara juya shi, ya miƙa hannu ya ɗauko sukudireba.