Keken batir na hawan dutse: wata 10 ina tuƙa shi a rairayin Maradi

Ni ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda nake sayarwa a babbar kasuwa, shekarata 47. Wanda ya san zaman rumfa ya san yadda jiki ke lalacewa a cikinsa: daga safe har la'asar kana zaune, ga shayi zagaye uku, ga mai fura ta zo, ga baƙo ya zo an sayo masa lemun kwalba kai ma ka sha naka. Ranar da likita ya ɗora ni a sikeli na ga kilo 104, ya kuma ce hawan jini ya fara kama ni, ranar na koma gida ban iya cin tuwon dare ba. Ya ce in riƙa tafiya a ƙasa. Na gwada sati biyu, gwiwar dama ta kumbura. Na ari keken ɗan ƙanena, ban kai ƙarshen unguwar Zariya ba rairayi ya shanye ni, na sauko ina tura shi ina haki.

Keken da nake magana a kai na hannu ne, daga Turai ya zo. Wani da ke kawo kayan gwanjo ya sayar mini a kan jika 850, kuɗin da za su sayi sabon babur har da canji. Injinsa a tsakiya yake, wajen feda, mai ƙarfin wat 250, batirin kuma yana ɗaukar 500 a ma'aunin wat na awa. Nauyinsa kilo 24. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne ba babur ba ne. Ba shi da abin murɗawa a hannu. In ba ka taka feda ba, ba inda za shi. Kana takawa injin ya ji ƙarfin ƙafarka ya ƙara maka nasa, kuma da ka kai gudun kilomita 25 a awa sai ya janye hannunsa, don haka dokar Turai ta tsara wa irin waɗannan kekuna. Matakan taimakonsa huɗu ne, daga ɗan kaɗan har zuwa wanda za ka ji kamar ana tura ka ta baya.

Don duwatsu aka ƙera shi, mu kuwa ba mu da dutse. Amma muna da abin da ya fi dutse cin ƙarfi, wato rairayi, kuma a nan ne keken ya biya ni. Faɗin tayarsa ya kusa ninka na keken da muka saba. In na rage mata iska kaɗan sai ta riƙa bi ta kan rairayin maimakon ta nutse. Bayan sallar asuba nakan gangara wajen gulbi, in bi ta gefen lambuna in nufi Jiratawa. Da rani gulbin busasshe ne, rairayi zalla, amma ina ratsa shi ba tare da na sa ƙafa a ƙasa ba. Dawowa kuma sai an hau tudun nan da aka ɗora garin a kansa bayan ambaliyar 1945. Da keken ɗan ƙanena wannan hawan ba zai yiwu mini ba. Da wannan ina hawa, ina zufa, numfashi na fita da ƙarfi, amma gwiwa ba ta yi ƙara ko sau ɗaya ba.

Abokan rumfa sun ce ai wannan ba motsa jiki ba ne, inji ke yi. Na sayi agogon da ke ƙirga bugun zuciya don in gani da idona. A mataki na ɗaya ko na biyu, zuciyata na bugawa tsakanin 120 da 135 a minti, ina iya magana amma ba zan iya doguwar hira ba. A mataki na huɗu a kan kwalta kuwa da kyar take wuce 100. Masu bincike a jami'ar Brigham Young ta Amurka sun gwada wannan a 2019 da mahaya 33, suka samu cewa bugun zuciyar mai hawan keken batir ya kai kashi 94 cikin ɗari na mai hawan keken dutse marar inji, sai dai shi mai batirin ba ya jin wahalar kamar yadda ɗayan ke ji. Haka ni ma na gani a jikina. Da yake ban jin azabar, sai na riƙa fita kwana biyar a sati, awa ɗaya ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 na motsa jiki take so baligi ya yi a sati, ga shi na kai 300 ban sani ba.

To amma ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Wata uku cur ina wannan fita, na koma sikeli na ga 103. Kilo ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi tunanin sayar da keken.

Maiɗakina ce ta nuna mini inda gizo ke saƙa. Ta ce, "Alhaji, ka lura kuwa da abin da kake ci in ka dawo? Da ƙosai biyar kake karyawa, yanzu goma ne, ga kunu kofi biyu da sukari." Gaskiya ta faɗa. Keken na buɗe ciki. Ka dawo da yunwa, ka kuma ji a ranka cewa ai ka yi aiki, ka cancanci ƙari. Na zauna na yi lissafi irin na kasuwa. Agogona na nuna ina ƙona kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kusan 400 a fitar awa ɗaya. Kilo ɗaya na kitse kuwa kusan kalori 7,700 ne, wato sai na yi awa 19 a kan keke kafin in narkar da shi, in har ban ƙara ko loma ɗaya ba. Lemun gwangwani ɗaya yana da sukari kusan giram 35, kalori wajen 140. Uku nake sha a rana lokacin zafi. Ashe abin da na ƙona da asuba, kafin azahar na mayar da shi ta baki.

Ban daina cin abincinmu ba, kuma ban yarda da masu cewa sai ka bar tuwo da fura ba. Gero abinci ne mai riƙe ciki. Furar ina sha, da nono, amma ba sukari. Tuwo malmala ɗaya maimakon biyu, miya da yawa. Da rana kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ko wake. Lemun kwalba na bar shi gaba ɗaya, shayin rumfa na tsaya a kofin farko, shi ne ma ya fi mini wuya don a nan ake hira. An rage gishiri da dunƙulen miya a tukunya saboda hawan jinin. In zan yi doguwar tafiya, kamar ranar da na je tafkin Madarunfa, nakan ɗauki ruwa lita biyu da dabino biyar. Cikin wata bakwai da suka biyo baya na sauko zuwa kilo 94. Maganin hawan jini ina nan ina sha, likita ne zai ce a rage ko a bari, ba keke ba.

Da azumi na sauya lokaci, ina fita rabin awa bayan tarawihi a kan kwalta, da fitila gaba da baya. Ba na ba kowa shawarar ya shiga daji da ƙishirwa a bakinsa.

Aibunsa kuwa akwai su. Na farko ƙaya. A satin farko sau huɗu na je wajen mai faci, tsidau da ƙayar aduwa ba sa raga wa taya. Sai da na samu ruwan nan mai kauri da ake zubawa cikin taya ya toshe huda da kansa, sannan na huta. Na biyu zafi. Batirin irin na wayar hannu ne, ba ya son rana. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, in na dawo sai in ciro shi in ajiye a ɗaka ya huce kafin in jona. Cikarsa na cin awa huɗu da rabi, in aka ɗauke wuta da dare fitar gobe ta rushe. Da yake na hannu ne, ya riga ya ɗan gaji: a ƙaramin mataki yana kai ni kilomita 55, a cikin rairayi da babban mataki bai wuce 25. Sau ɗaya ya ƙare mini a hanyar Tibiri, na tuƙo kilo 24 da ƙarfin ƙafata har gida, kwana biyu cinyoyina na ciwo. Ƙurar hunturu kuma tana cin sarƙa, dole a goge a sa mai duk bayan fita biyu.

Babban abin da ke damuna shi ne gyara. Yaron da ke duba mini shi gwani ne a kan birki da giya, amma ranar da na nuna masa injin cewa ya yi, "Baba, wannan kam ba zan buɗe ba, kar in ɓata maka dukiya." Na ji daɗin gaskiyarsa. Duk wanda zai saya, ya hau ya gwada batirin tun daga cike har ya ƙare kafin ya biya, ya tabbatar an ba shi cajarsa ta asali da makullin batir, ya kuma sayi hular kwano. Wanda gwiwarsa lafiya lau kuma kwalta zai riƙa bi, keken jika 60 ya ishe shi, ya adana kuɗinsa. Wannan na mai nauyin jiki ne, ko mai ciwon gaɓɓai, ko wanda hanyarsa rairayi ce.

Yanzu haka takalmin birkin baya ya cinye, na aika a nemo mini a Kano, sati biyu ke nan ina jira. Kafin ya iso na bar gangaren gulbi, ina zagaya gari a hankali da birkin gaba.