Na haɗa GDB da hannuna a kan Ubuntu, ga yadda ta kaya

Jama'a sati biyu ke nan ina aiki da GDB 15.1 wanda na haɗa da kaina daga asalin kod ɗinshi, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani. Ga wanda bai sani ba, GDB manhaja ce ta farautar kuskure a cikin program, kana iya tsayar da program ɗinka a tsakiyar gudu ka leƙa cikinshi ka ga mi ke faruwa. Richard Stallman ne ya fara rubuta shi a 1986, kyauta ne, kuma har yau masu C da C++ ba su rabu da shi ba.

Laftof ɗina tsohuwa ce, Ubuntu 22.04 ke kanta, GDB ɗin da ke zuwa da ita kuma 12.1 ne. Yana aiki lafiya lau, sai dai ni DAP nake so, wato Debug Adapter Protocol, hanyar da edita ke magana da manhajar farautar kuskure, don in haɗa shi da editan da nake rubutu a ciki, shi kuwa wanga abu sai daga GDB 14 anka saka shi. To sai na sauko da fayil ɗin kod ɗin GDB 15.1 daga sourceware, shafin intanet da ake ajiye shi, na warware, na buɗe folda daban mai suna build kamar yadda anka ba da shawara, na buga configure da --prefix zuwa cikin foldata ta home don kar ya taɓa GDB na sistem.

Nan take ya tsaya, wai sai da GMP da MPFR, laburaren lissafi guda biyu da yake dogara da su. Wannan bai dame ni ba don ya faɗi abin da yake so ƙarara, na saka libgmp-dev da libmpfr-dev da texinfo, ya wuce. Kompaila kuma sai mai C++17, GCC 11 na Ubuntu ya wadatar.

Inda na sha wuya shi ne zafi. Watan Afrilu a Sakkwato, ɗakina a Mabera rufin kwano ne ba silin, na buga make -j4, wato ya haɗa da aiki huɗu a lokaci guda, wajen ƙarfe biyu na rana sai fankar laftof ta kama kuka kamar injin markaɗe, ƙasanta ko taɓawa ba a yi. Dole na ɗora ta bisa bulo biyu don iska ta shiga ta ƙasa, ana cikin haka anka ɗauke wuta, batirin ko minti ashirin bai yi ba ta mutu. Wallahi na ɗauka aikin ya tashi a banza, amma da anka maido wuta bayan la'asar na sake buga make sai ya ci gaba daga inda ya tsaya, bai koma farko ba. Shawarata ga 'yan garinmu, ku bari sai bayan isha'i ko da asuba, kuma -j2 ya fi wa tsohuwar na'ura sauƙi.

Abu ɗaya da ban ji daɗinshi ba: ya gama haɗuwa tsaf, na kunna, DAP ya ƙi tashi. Ashe yana buƙatar Python, kuma in babu python3-dev a na'urarka shiru zai yi ya haɗu ba tare da shi ba, ba zai tsaya ya gaya maka ba. Sai da na buga gdb --configuration na ga --without-python a rubuce. Na saka abin da ya rage, na ƙara --with-python a configure, na sake daga farko. Don Allah wanda zai yi ya saka wannan tun farko, in akwai matsala zai tsaya ya faɗa.

Sai gwaji. Wannan sai ka saka dejagnu, manhajar da ke gudanar da gwaje-gwajen GDB, shi zai jawo expect da tcl, sannan ka shiga foldar gdb ka buga make check. Gwaje-gwajen dubun dubata ne, na bar shi ya kwana yana yi, da safe na buɗe gdb.sum sai ga PASS rututu amma ga FAIL nan su ma, ga KFAIL da XFAIL da UNSUPPORTED, gabana ya faɗi na ce shi ke nan na ɓata wani abu. Da na natsu na bi gdb.log layi-layi sai na gane KFAIL kuskure ne da sunka riga sunka sani, XFAIL kuma daga na'ura ko kompaila yake, su kuwa gwaje-gwajen attach, wato kama program da ke cikin gudu, Ubuntu ce ke hana wani program kama wani saboda saitin tsaronta mai suna ptrace_scope a kan 1 yake. Wasu kuma lokaci ne ya ƙure musu don na'urar ta yi nauyi, da na sake su su kaɗai da TESTS=gdb.base/break.exp da makamantansu sai sunka wuce. Gaskiya sabon shiga zai ruɗe a nan, ba wanda ke kama hannunka.

Amma ranar da ya biya ni wahalata ita ce ranar da ƙanena da ke karatu a jami'ar Ɗanfodiyo ya zo da program ɗinshi na lissafin kayan shago, kwana uku program ɗin yana mutuwa da segmentation fault, wato yana taɓa wurin memori da bai halatta ya taɓa ba. Ya ce "Yaya na duba har idona ya yi ja." Na ce zauna nan kusa. Munka sake kompayil da -g don GDB ya iya ganin layukan kod, na buga run, ya faɗi, na buga bt, wato backtrace, ya nuna mana layin da ya faɗi. Sai na saka watch, mai tsayar da program da zarar lamba ta canza, a kan lambar da ke riƙe adadin kaya, muna kallo ta tashi daga 10 ta koma wata lamba marar kan gado, GDB ya tsaya daidai kan strcpy, aikin C mai kwafar rubutu, wanda ke zuba sunan kaya mai tsawo a wurin da bai kai ba yana malala kan maƙwabcinshi. Yaron ya yi shiru yana kallon sikirin, can ya ce in bar mishi kujerar ya sake yi da kanshi.

In 12.1 na biya maka buƙata, apt install gdb ya ishe ka, ba sai ka ƙona data da batir ba. Mai son DAP ko mai son gyara GDB ɗin kanshi, shi ne zai haɗa da hannu. Ni na ba shi huɗu cikin biyar, ɗayan na riƙe saboda shirun da ya yi mini a kan Python. Ƙanen nawa ya riga ya kwafe fayil ɗin a filashi, ran Asabar da dare za mu haɗa a tashi laftof ɗin.