Snowflake: Ƙaramar Manhajar da Ke Buɗe wa 'Yan Iran Hanyar Intanet

A zaɓen shugaban ƙasar Iran na 12 ga Yunin 2009 aka ce Mahmud Ahmadinejad ya samu kusan kashi 63 cikin 100, magoya bayan abokin takararsa Mir Hossein Musawi kuwa suka cika titunan Tehran suna tambayar ina ƙuri'unsu. Hukuma ta katse saƙonnin tes, ta toshe shafuka. Tun daga lokacin ake kira ga gwamnatocin waje su taimaka, kuma taimakon da ya fi tasiri ya zama na hanyar sadarwa. Snowflake, wadda ƙungiyar Tor (masu hanyar intanet da ke ɓoye sawun mai amfani da ita) ke kula da ita, tana cikin kayan da suka fi cancantar a duba a wannan fanni.

Aikinta mai sauƙi ne. Mai son taimakawa zai ɗora ta a kan burauzar Firefox ko Chrome ta kwamfuta, ya kunna, shi ke nan. Wata na'ura mai haɗa mutane za ta haɗa shi da wani da ke cikin Iran ko wata ƙasar da ake toshe intanet, sai bayanan mutumin su bi ta kwamfutarsa su shiga hanyar Tor. Fasahar da take amfani da ita, WebRTC, ita ce ta kiran bidiyo, don haka mai sa ido yana ganin kamar hira ake yi. Alamar manhajar tana komawa kore idan wani ya hau, tana kuma nuna adadin mutanen da aka taimaka cikin awa 24. Shafukan da mutumin ya ziyarta ba sa ganin adireshin mai taimako, sai na ƙofar fita ta Tor.

Matsalar da mutane ba sa lura da ita ita ce irin layin da suke kai. Layin waya da na wasu gidaje suna ɓoye kwamfuta a bayan adireshi ɗaya da jama'a da yawa ke rabawa, kuma irin wannan layi sau da yawa ba ya iya haɗuwa da mai irinsa. Shi ya sa wani zai kunna yini guda alamar ba ta koma kore ba. Mai sabar (kwamfutar da ke kunne a intanet dare da rana) da ƙofofin shigar bayananta ke buɗe, wanda ya girka sigar Snowflake mai zaman kanta ta Docker, yana ɗaukar mutane da yawa lokaci guda, ya fi masu burauza amfani nesa ba kusa ba. Mai sayen data da awo kuwa ya yi lissafi, don duk abin da wanda yake taimakawa ya sauke a kansa zai hau.

Gudu ba nata ba ne. Rubutu da hotuna suna wucewa, bidiyo mai nauyi sai haƙuri. An kuma taɓa kama ta: a Oktoban 2022, ana tsakar zanga-zangar mutuwar Mahsa Amini, matashiyar da ta rasu a hannun 'yan sanda, Iran ta gane salon gaisuwar TLS (yadda manhaja ke fara haɗi mai tsaro) na manhajar ta toshe ta, sai da aka sauya salon ya yi kama da na burauza. Gyaran a fili aka yi shi, wanda ya bambanta ta da Haystack, wata manhajar kauce wa toshiya, wadda aka yi ta yabo bayan 2009 har ta samu lasisin Amurka, aka kuma janye ta a Satumban 2010 da masana suka gano tana iya tona asirin masu amfani da ita.

Idan aka kashe intanet ɗungurungum, kamar kusan mako guda da aka yi a Nuwamban 2019, Snowflake ba ta da abin yi. Nan ne hannun gwamnatoci ke shiga. Takunkumin Amurka ya daɗe yana sa kamfanonin fasaha gudun 'yan Iran, har sai da lasisin D-2 da Amurka ta fitar a Satumban 2022 ya sassauta. Kuɗin gadoji, wato sabobin da ke shigar da wannan kaya hanyar Tor, irin wanda asusun Open Technology Fund na Amurka ya bayar, dole ne ya ci gaba da zuwa.