Ranar da aka hana ni taɓa ƙarfe a Mancesta

'Yan uwana na Agege, ina gaisuwa. Da kuka ce in ba ku labarin Ingila na san farashin kaya da sanyi kuke son ji, amma wani abu ya same ni a gidan motsa jiki wanda ya tsaya min a rai.

Na biya kuɗin wata, na sa kayana, na nufi inda ƙarafa suke. Wata yarinya da ba za ta girmi 'yar fari ta ba ta tare ni, ta ce sabon shiga ba ya taɓa komai sai an duba shi. Ta miƙo takarda mai tambayoyi 7, wadda suke kira PAR-Q, asalinta daga Kanada: ko likita ya taɓa ce maka kana da ciwon zuciya, ko ƙirjinka yana ciwo in ka yi aikin ƙarfi, ko jiri yana ɗibar ka, ko kana shan maganin hawan jini, da sauransu. Na cike a'a daga sama har ƙasa. Ta auna tsayina da nauyina, ta zagaya awo a cikina, ta ce faɗin ƙugun mutum bai kamata ya kai rabin tsayinsa ba. Nawa ya wuce.

Sai ta ɗaura min abin awon jini a damtse. Ya nuna 168 bisa 102. Ta ce in zauna minti biyar, ta sake, bai sauka ba. A gaban wasu samari biyu da ke jiran layi ta ce ba za ta bar ni in ɗaga ko kilo ɗaya ba sai na kawo takardar likita.

Wallahi raina ya ɓaci. Ni da na shekara 12 ina sauke buhunan albasa a kasuwar Mile 12, ni da na yi dambe a ƙuruciya, yau a ce tafiya kawai zan yi a kan inji? Na ce mata lafiyata ƙalau, ko ciwon kai ba na yi. Ta ce ai hawan jini haka yake, ba ya sallama. Kuma in mutum ya riƙe numfashi ya yunƙura da nauyi, jinin yana ƙara hawa nan take, a kan wanda dama ya hau.

Kada ku ɗauka komai a nan sumul yake. Neman ganin likita wahala ce mai zaman kanta. Ƙarfe takwas na safe za ka kira, ka ji kana lamba ashirin da wani abu a layi, kafin a zo kanka a ce gurbin yau ya cika. Kwana tara na yi ina wannan, kuɗin watana yana tafiya a banza. A Agege da na tsallaka titi na ga likita a ranar, in dai da kuɗi a aljihu. Ƙarshe kyamis ne ya cece ni, don a nan duk wanda ya kai shekara 40 suna auna masa jini kyauta. Suka ɗaura min wata 'yar na'ura ta kwana ta wuni a jikina. Sakamakon ya tabbatar da maganar yarinyar. Yanzu ina kan magani, ƙwaya ɗaya kowace safiya.

A daren da na kwana da na'urar nan tana matse min hannu, Samuel Okwaraji na tuna. Manyanmu da suka je filin wasa na Surulere ranar 12 ga Agusta 1989 sun ga yadda ya yanke jiki ya faɗi ana tsakar wasa da Angola. Shekararsa 25, ɗan ƙwallon ƙasa, kuma ciwon zuciya ne ya yi ajalinsa. To ina ga mu da muka ba arba'in baya, kullum tsire da romon kai da dunƙulen magi uku a miya ɗaya? Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi gishirin yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali guda. Mu a loma nawa muke cinye shi?

Abin da ya fi ci min rai shi ne wuraren ɗaga ƙarfenmu na bayan layi. Siminti a gwangwani, sandar ƙarfe a tsakiya, kowa ya zo bismillah. Babu mai tambayar shekarunka, balle ciwon da ya kashe mahaifinka. In yaro ya ce jiri yake ji, sai a ce ragonci ne, ƙara ɗaya. Ga kuma garin ƙara ƙarfi da ake haɗiya ba a san abin da ke ciki ba. Amma Allah ya sani ina kewar wurin. A nan kowa ya toshe kunne da waya, ka shekara ba wanda zai ce maka sannu. Can kuwa in nauyi ya danne ka, hannu huɗu ne za su kawo ɗauki, a tashi a je a ci burodin Agege da shayi tare.

Bayan sati shida jinin ya sauko 132 bisa 84. Yarinyar ta fara ni da tafiyar minti 20 da ƙarafa marasa nauyi, tana tsaye tana cewa in fitar da numfashi duk sanda na ɗaga.

Na sayi abin awon jini guda biyu, zan ba mai tahowa Legas ƙarshen wata. Ɗaya a ajiye a wurin ƙarfe na unguwa. Ɗayan na Yaya ne. Yaya, don girman Allah ka zauna minti biyar ka huta kafin ka ɗaura, ka auna safe da yamma har kwana bakwai, ka turo min lambobin. In ka ga suna kai 140 bisa 90, ka ajiye ƙarfen nan ka je asibiti tukuna.