Wace Na'urar Gwajin Inji Ce Abin Dogaro?

Wutar gargaɗin inji ta kama, ka jona na'ura, ta nuno P0171. Nan take wasu za su garzaya sayen sabon sensan oksijin, wato abin da ke auna iskar oksijin a hayaƙin da inji ke fitarwa. Alhali lambar cewa kawai take yi iska ta rinjayi mai a cikin inji. Wataƙila wani tiyo ne ya tsage yana zuƙo iska, ko famfon mai ya yi rauni. Sensan gaskiya ya faɗa, amma shi ake cirewa. Saboda haka kafin ka biya, tambayi abu ɗaya: bayan lamba, na'urar tana nuna abin da sensa ke karantawa yayin da inji ke aiki?

Mafi araha ita ce 'yar ELM327 da ake cusawa a soket mai fil 16 na ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da manhajar waya irin su Torque ko Car Scanner. Tun 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, wato tsarin bai-ɗaya da mota ke bayyana matsalarta ta wannan soket, don haka lambobin da suka fara da P0 kusan kowace mota za ta ba ka su. Za ka iya kallon sensan oksijin na gargajiya yana hawa da sauka tsakanin bolt 0.1 da 0.9, in ya tsaya cak bayan inji ya yi zafi, to akwai magana. Matsalar ELM327 ita ce jabu sun cika kasuwa, wata tana yanke sadarwa ana tsakiyar gwaji, kuma lambobin P1, waɗanda kowane kamfani ke fassara nasa, sau da yawa manhajar kan ba su ma'anar da ba tasu ba.

In mota iri ɗaya kake mu'amala da ita, manhajar da aka yi dominta ta fi: Techstream ga Toyota, VCDS ga Volkswagen da Audi, FORScan ga Ford da Mazda. Su ne ke shiga lungunan da ta waya ba ta kai ba. Bakaniken da ke karɓar kowace irin mota kuwa, na'urorin Autel ko Launch za su fi masa, sai dai ya bincika kuɗin sabunta manhaja tukuna.

Duk da haka, ko mafi tsadarsu in ta ce P0335, ba ta san ko sensan kiranshaf ne ya mutu ko ɓera ne ya ci waya ba. Wannan sai ka ɗauko mitar auna lantarki ka auna da hannunka.